Jan Ɗigo a Bayan Injin Sitaci

Ku samarin da kuke zama a bakin shagon nan kuna cewa aikin fita ai ɗaure noti ne da kwance noti, na ji ku, ban kuma musa ba. Shekara goma sha bakwai na yi ina ɗaurewa ina kwancewa a wani kamfanin saƙa da ke Bompai. Abin da ba ku sani ba, ni Habun nan da kuke gani na taɓa tsayar da wannan kamfani gaba ɗayansa wata uku cur, mutane suka koma gida ba aiki. Ko sifana ban ɗauka ba. Da burushin ƙarfe aka yi aikin, ga shi can rataye a ƙusa sama da kanku. Ku gyara zama.

Na zo Kano daga Ringim a shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Shara aka ɗauke ni, a ɗakin saƙa. Ɗaki ne da idan injuna suka tashi, ko ubanka ne ya kira ka ba za ka ji ba, da hannu ake magana. Kunnena na hagu can na baro shi, shi ya sa nake muku ihu, ba faɗa nake ba.

Wata rana goron da nake tattali ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin wani injin saƙa. Na kwanta rub da ciki, na cusa tsintsiya ina lalube, ina jawo tarin auduga da ta shekara a wurin. Ina ɗagowa sai na ga takalmi a gabana. Babban injiniyan kamfanin ne, Ba'indiye, Oga Raman. Ya dube ni, ya dubi audugar, ya ce da foman cikin Hausarsa ta 'yan koyo: "Kowa yana share gefe. Wannan yana share ƙasa. Gobe ya zo wurina." Haka na zama mataimakin fita. Goron kuwa na samo shi, na goge na cinye, ban gaya wa kowa ba.

Bari in gaya muku waye Oga Raman. Gajere ne, baƙi kamar mu, da ɗan tumbi da tabarau. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, kullum da kwanonsa mai hawa uku, shinkafa da wake da wani abu mai tsami. Sauran Indiyawan suna ofis cikin sanyin iyakwandishan, shi kuwa in kana nemansa ka nemi ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin inji. A aljihunsa na baya kullum akwai tsumma, har muka sa masa Mai Tsumma. Ya gaya min a garinsu, can kudancin ƙasarsu, da zuba wa injuna mai ya fara, yana ɗan shekara goma sha huɗu, yana karatu da yamma. Da haka da haka ya hau, har aka aiko daga nan aka ɗauko shi. Mutum ne da mai kamfani kansa yake miƙe masa, amma ban taɓa ganin gwiwar wandonsa da tsabta ba.

Wata shida na farko bai bar ni na taɓa sifana ba. Kwano ya ba ni da kananzir, duk ƙarfen da aka kwance in wanke, in goge, in jera a kan buhu bisa yadda aka ciro su. Kai, na ji haushi! Na ce shara ma ta fi, aƙalla ana tsaye. Ashe so yake hannuna ya san kowane ƙarfe kafin a gaya min sunansa. Bayan nan ya ba ni akwatina: sifana takwas, filaya, guduma, famfon giris da doguwar sukundireba. Ya ce sukundirebar ba ta kwance ƙusa kaɗai ba ce. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Boris, wato wannan zoben mai ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, in yana da lafiya sautinsa daban, in ya fara jin ƙishin giris sautinsa daban. Da kunnen dama na koyi wannan, tunda shi ya rage.

Na tuna inji mai lamba arba'in da biyu, yana wani ƙwas-ƙwas. Na duba na duba, na ciro wani giya sukutum na jefa a bola, na karɓo sabo a sito na ɗaura. Ƙarar ta tafi, ina ta washe baki. Oga Raman ya je bolar da kansa ya tono tsohon, ya ajiye min a kwanon kananzir. Da na wanke sai na ga lafiyarsa lau, ɗan makullin da ke riƙe shi ne ya yi sako-sako. Ya sa na cire sabon na mayar sito. Yana da wani ɗaki a baya da ya cika da tsofaffin ƙarafa, kowanne da takarda ɗaure a wuya, mu kuma muna masa dariya muna cewa maƙabartar Mai Tsumma. Ya ce min: "Habu, yau akwai jirgi, akwai sabo. Wata rana babu jirgi."

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan maganar take. Kafin zare ya je injin saƙa, sai ya bi ta cikin sitaci mai zafi, ya bushe, don ya yi ƙwari kada ya riƙa tsinkewa. Injin da ke wannan aikin guda ɗaya ne tak a kamfanin. Tsawonsa ya kai tirela, a tsakiyarsa akwai wata ƙatuwar gangar ƙarfe da tururi ke cikinta, zaren yana nannaɗe ta yana bushewa. Injin saƙa in ya lalace, mutum ɗaya ne zai zauna. Injin sitaci in ya tsaya, masaƙa da masu shara da direbobi da matan da ke sayar mana da tuwo a bakin get, kowa sai gida. Su kuma alhazan kasuwar Kwari da ke sayen yadin akokonmu ba sa jin uzuri. Akwai wani da yake zuwa ya karce yadi da farce, ya lasa, ya ce sitacin yau ya yi yawa, kuma in ka bincika gaskiyarsa ce. Kwana biyu ka hana shi kaya, ya koma kamfanin da ke Sharada.

Wannan inji ba ya hucewa. Ko da Sallah, 'yan kudu ne ke riƙe shi. Gangar nan in aka kashe tururi sai ta yini ta kwana kafin a iya kusantar bayanta. Sau ɗaya a shekara ake kashe shi, wajen ƙarshen damina, gabanin ranar da muke kira ranar fure.

Al'adar garinsu Oga Raman ce. Rana ɗaya a shekara ana tsayar da komai, a wanke injuna da kayan aiki tas, sannan Indiyawan su zo da iyalansu su rataya wa injuna furanni, su kunna turare, su fasa kwakwa, su ɗiɗɗiga musu wani jan gari. Shekarar farko da aka yi a gabana saura kaɗan a yi rigima. Malam Isyaku, wani dattijon masaƙi da ke ja mana sallah a masallacin kamfani, ya je ya sami Oga Raman ya ce Musulmi ba sa cikin wannan. Oga Raman ya karkaɗa kai irin nasu, ya ce gaskiya ne, bai kuma nema ba. Aka shirya a kan mu mu yi wankin injuna tunda aiki ne, fure da turare kuma nasu ne. Kowa ya riƙe nasa, aka zauna lafiya.

To ni abin ya sha min kai, domin ni ne ɗan hannunsa. A jajibirin ranar, in ganga ta huce, sai ya ɗauki famfon giris da sifana da ɗan gwangwanin jan garin nan ya bi injin sitaci tun daga kai. Duk inda ya buɗe ya duba ya sa giris, sai ya dangwala yatsa ya ɗiga ja. Na gefe da na sama duk a idona yake yi, guda goma sha takwas, na haddace su kamar sunayen 'yan gidanmu. Daga nan sai ya kwanta ya ja ciki ya shige ta ƙarƙashi, can bayan ganga, da gwangwaninsa. Ni kuma in tsuguna a waje, in miƙa fitila da hannu, in kau da kai gefe ina istigfari.

"Habu, zo duba," in ji shi daga ciki.

"Ina nan, Oga, ina riƙe da fitila."

"Zo ciki. Duba kawai."

"Fitilar za ta faɗi, Oga."

Shekara uku a jere yana kirana, shekara uku ina riƙe da fitila. Daga nan ya daina. Ya ɗauka addinina ne ya hana, shi kuwa mutum ne da ba ya taka addinin wani. Ni kuma na ɗauka can ciki ne yake babbar bautar tasa, inda ba mai gani.

Da aka yi masa kiran wani babban kamfani a wata ƙasa, mai kamfaninmu ya tambaye shi wa zai riƙe sashen gyara. Akwai masu takardar makaranta su uku, amma ya ce Habu. Ranar tafiyarsa ya ba ni doguwar sukundirebarsa, ya riƙe hannuna ya ce: "Shekara-shekara ka kashe inji ya huce. Duk inda ka ga ja, ka buɗe. Fure ba dole." Na ce to, Oga, Allah ya kiyaye hanya. A raina na ce ai na san su duka goma sha takwas ɗin, ja kuwa ya gama zama a injin da Musulmi ke riƙe da shi.

Aka ba ni farar riga mai aljihu uku da biro biyu. Na sayi babur, na tashi daga Dakata na kama haya a Hotoro. Wallahi har tafiyata ta canja.

Ba a yi wata biyu ba baƙin mai ya yanke, tukunyar tururi ta mutu kwana biyu, ganga ta huce da kanta. Na ce yawwa, dama ta samu. Na kira Malam Mamman, leburan sashenmu, mutumin Tasawa ta Nijar. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, yana da mata da 'ya'ya shida a Dakata, kuma lokacin da nake shara kwano ɗaya muke ci da shi. Mutum ne da in ka ce ya share ɗaki, sai ka tuna masa ya bar bango. Na miƙa masa sabon burushin ƙarfe da ruwan soda, na ce: "Malam Mamman, jan nan da ke jikin injin sitaci, ciki da waje, kada ka bar ko ɗaya." Ni ban shiga ba, saboda farar riga. Ya yini yana yi, ya fito baƙi wuluk, na zaga na ga inji fes. Har goro na saya masa.

Da ƙarshen damina ya zo, sabon manaja ya tambaye ni ko lallai sai an kashe inji. Na ce ranka ya daɗe, wancan bikin Indiyawa ne, wuraren giris goma sha takwas ne, kuma duk ana iya yin su inji na tafiya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce irin mu ƙasar nan ke nema. Shekara ta zago, na sake faɗa masa haka.

Sai muguwar shekara ta shigo. Ku ba ku san ta ba. Lokacin da ake bin layin madara da sabulu, soja na tsaye da bulala. Gwamnati ta ce ba kuɗin waje, ko ƙusa za ka shigo da ita sai da lasin, lasin ɗin kuma sai ka gan shi a mafarki. Kamfanoni a Bompai da Challawa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mu abin da ya riƙe mu maƙabartar Mai Tsumma ce, kullum ina ciki ina tono, ban ƙara yi mata dariya ba.

Wata Talata bayan azahar ina ofis sai na ji wata ƙara da ko kunnena na hagu sai da ya ji. Na fito da gudu na tarar ganga ta karkace ta tsaya, hayaƙi na fita daga bayanta, zare ya tsintsinke ya zube cikin sitaci. Kafin la'asar ɗakin saƙa ya yi tsit. Ban taɓa jin wannan ɗakin shiru a ranar aiki ba, har tari ana ji.

Muka jira ta huce. Washegari na cire farar riga na rataye, na ɗauki fitila na ja ciki na shiga inda ban taɓa shiga ba. Wurin matsattse ne, sai ka kwanta rigingine kana tura kanka da dunduniya. Can ƙurya, a bayan ganga, na ga wani farantin ƙarfe mai noti huɗu. Ba shi da bakin sa giris ta waje, sai an buɗe an cusa da hannu. Na buɗe. Boris ne ƙato a ciki, shi ke ɗauke da rabin nauyin gangar. Ya bushe ƙamas, ya narke ya manne, ya cinye sandar da ke cikinsa. A jikin farantin kuwa, ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu inda aka kankare fenti har ƙarfe ya fito ya yi tsatsa, sawun burushi na nan raɗau. Na haska baya, hanyar da na biyo, na ga irin wannan tabon a jikin ƙarfe, wani bayan wani, tun daga bakin shiga har zuwa farantin. Ashe hanya Oga Raman ya zana da jan nan don wanda zai zo bayansa.

Na daɗe a kwance a wurin. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro.

Da na fito na ja Malam Mamman gefe, na ce ko ya tuna akwai ja can bayan ganga.

"Sosai kuwa, Oga Habu. Ai shi ya fi ba ni wuya. Ya yi kauri, shekara da shekaru ana ɗora wani kan wani. Sai da na kwanta na sa hannu biyu."

"Ba ka gaya min ba."

"Ai cewa kuka yi kada in bar ko ɗaya."

Haka na ce kuwa.

Na je na gaya wa manaja gaskiya tun daga fitila har burushi, na ajiye biro biyun a kan teburinsa. Ya riƙe kai ya daɗe, sannan ya turo min su. Ya ce in ya kore ni wa zai gyara, tunda duk Kano ba wanda ya san injin nan kamar ni. Kun ji fa. Ran Juma'a aka manna takarda a bakin get, kowa ya je gida sai an neme shi, ban da mu 'yan gyara. Bayan sallah na tare Malam Isyaku, ina neman wanda zai ce min ai don Allah na yi. Ya saurare ni har na gama, shi ma takardar ta shafe shi. Ya ce: "Habu, ni cewa na yi kada mu sa hannu a bautarsu, kuma har gobe ina nan a kai. Yaushe na ce maka in mai koya maka aiki ya ce zo ka gani, ka juya masa ƙeya? Ko tambayarsa ka yi me yake yi a ciki?" Na ce ban tambaya ba, Malam. Ya ce to.

Aka rubuta wa Turai, suka ce akwai kayan, a kawo lasin. Ba lasin. A ƙarshe a maƙabartar nan na tono wata tsohuwar sanda da takardarta a wuya da rubutun Oga Raman, muka kai wa wani mai injin fiƙe ƙarfe a Sabon Gari, ya yi sati uku yana rage ta. Boris kuma muka samo a wani kamfani da ya riga ya mutu a Challawa. Wata uku cif kafin tururi ya sake shiga ganga. Kafin a kunna na sayi gwangwanin jan fenti, na bi da kaina na ɗiga guda goma sha tara, da hanyar da ke kai mutum ga na ƙarshen. Ba fure, ba turare. Kowace shekara kuma ina kashe inji in shiga, in ja wani fita a bayana, ko yana so ko ba ya so.

Amma alhazan Kwari sun riga sun koma wani wuri, don haka rabin ma'aikata kawai aka kira. An kira Malam Isyaku. Lebura kuwa aka ce ana iya samu ko yaushe. Na je wurin manaja sau uku a kan Malam Mamman, a na ukun ya ce in yi hankali, ni ma da kyar nake tsaye. Wata ukun nan kullum Malam Mamman yana bakin get da safe, yana zaune a kan dutse da kwanonsa, ko za a kira suna. Lokacin ana matsa wa baƙin da ba su da katin aiki, ga haya, ga baki takwas.

Wata safiya mai gadi ya ce ana sallama da ni. Na fito na same shi da wankakkiyar riga, ya ce sun ɗaure kaya, motar Maraɗi za su bi. Ya zaro burushin nan daga aljihu ya miƙo min, ya ce kayan kamfani ne, ya manta da shi a gida tun ranar, kada ya tafi da haƙƙin mutane. Na karɓa. Na ba shi abin da ke aljihuna, ya yi godiya har na rasa inda zan sa ido. Ya ɗan yi gaba, sai ya dawo.

"Oga Habu, abu ɗaya nake so in ji kafin in tafi. Ba don aikina ya ɓaci aka bar ni ba ko?"

Na ce a'a, Malam Mamman, aikinka bai taɓa ɓaci ba.

"Har na jan nan ma ya yi?"

Na ce ya yi. Ko ɗaya ba ka bari ba.

Ya ce alhamdu lillahi, ya gyara hularsa, ya bi titin Bompai a ƙasa ya nufi tasha.